Garkar yara da babu itace ko ɗaya

Duk wanda ya ratsa unguwannin Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa da hantsi, da wuya ya rasa cin karo da wata ƙofar ƙarfe da aka shafe da fenti iri-iri, an zana zomo da giwa a jikin bango, daga sama kuma an rubuta da Faransanci cewa nan garkar yara ce, wato abin da jama'a suka fi sani da jardan. Idan mutum ya leƙa ciki, sau da yawa abin da zai tarar shi ne daɓen siminti daga bango zuwa bango, da lilon ƙarfe guda wanda rana ta gasa har ba ya taɓuwa, da yara hamsin ko sittin cunkushe cikin ɗaki mai rufin kwano, suna maimaita abin da malama ta faɗa. Garka dai, a bakin Bahaushe, wuri ne mai shinge da rijiya da ɗanyen ganye. Yadda aka yi sunan ya iso ƙasar nan ya baro ganyen a hanya, abu ne da ya kamata iyayen da ke biyan kuɗin wata su tsaya su tambaya.

Asalin sunan daga ƙasar Jamus ne. Wani malami mai suna Firedirik Furobel, wanda ya taɓa koyon aikin gandun daji a ƙuruciyarsa, shi ne ya buɗe wurin wasa da koyo na ƙananan yara a garin Bad Bilankenburg, a 1840 kuma ya raɗa masa sunan da Faransawa suka juya zuwa harshensu, har ya zo nan tare da makarantar boko. Furobel bai saka sunan don ado ba. A makarantarsa akwai garka ta gaske, kuma tsarinta yana da ma'ana: kowane yaro yana da ɗan fegi nasa na kansa, inda yake shuka abin da ya ga dama, sa'an nan kewaye da waɗannan ƙananan fegi akwai wasu manya na kowa da kowa, waɗanda ake aikinsu tare. Manomin ƙasar Katsinar Maraɗi ko na Gobir ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin kuwa shi ne gandu da gamana. Yaro yana noma gandun gida tare da uba da yayye, a ranakun da aka ware masa kuma ya nufi ƴar gamanarsa, wadda abin da ya fito cikinta nasa ne. A gandu yake koyon zama da mutane, a gamana yake gane cewa shukar da aka yi wa sakaci ba ta jin uzuri. Hukumar Furusiya ta hana irin waɗannan makarantu a 1851, tana zarginsu da ɓata tunanin yara; Furobel ya rasu a 1852 bai ga an ɗage hanin ba, sai a 1860.

Karatu a waje ma ba baƙo ba ne a nan. Kafin a kafa tubalin lakwal ta farko, almajirai suna wanke allo a gindin ceɗiya ko durumi, da dare su kewaye wuta, kuma daga irin waɗannan inuwoyi aka fitar da malamai da alƙalai. Abin da ya sauya shi ne an wayi gari ana ganin karatun boko bai cika ba sai a cikin bango huɗu, ko da kuwa bangon na kara ne.

Nan ne maganar ta wuce ta ƙawa. A ranar 13 ga Afirilu 2021 gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Peyiba a Yamai, ta cinye azuzuwan zana, ta yi sanadin rasuwar yara 20, mafi yawansu ƙanana ƴan jardan. An ruwaito cewa wutar ta taso ne daga wajen ƙofar shiga, ga shi babu wata mafita, manyan yara suka haura bango, ƙananan kuwa ba su iya ba. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba ta wannan shekara, aka sake yin irinta a Maraɗi, yara aƙalla 25 masu shekara biyar zuwa shida suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan haka gwamnati ta hana sanya ƴan jardan cikin ajin zana a duk faɗin ƙasa, a lokacin da hukumomi da kansu ke cewa irin waɗannan azuzuwa sun kai wajen 36,000. Hanin daidai ne. Sai dai hani ba ya gina ɗaki, kuma ajin siminti kuɗinsa miliyoyin sefa ne, haihuwa kuwa ba ta tsaya jiran kasafin kuɗi ba. Tilas a nemi inda yaran za su zauna tsakanin bukkar da aka hana da ginin da bai zo ba.

Ajin da aka saba ginawa mita 9 ne bisa 7, wato murabba'in mita 63. Dogon yaro da ya girma, wanda rassansa suka buɗe mita 8 daga wannan gefe zuwa wancan, yana ba da inuwar da ta kai murabba'in mita 50. Biyu a jere sun fi aji. Inuwar itace ba ta da ƙofar da za a yi turereniya a bakinta, ba ta kama wuta da tartsatsi ɗaya, da zafin Afirilu da Mayu kuwa, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ta fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba. Babu mai cewa inuwa ta maye gurbin gini. Akwai ranar ƙura, akwai sanyin safiyar Janairu, akwai kayan aiki da ke son makulli. Amma shekarar karatu daga Oktoba take farawa ta ƙare a Yuni, watau kusan dukkanta cikin rani take, kuma makarantar da ke da ɗaki ɗaya da inuwa biyu tana iya raba yaranta uku, su riƙa musanya wuri. Ga inda ake son ɗaki mai sauƙin kuɗi kuma, akwai ginin tubalin ƙasa mai rufin baka da tulluwa, wanda ba ya cin azara ko kwano. An fara gwada shi a Cikal, cikin ƙasar Filinge, tun 1980, an kuma horar da magina da dama a kansa.

Mai son tsara irin wannan wuri, kada ya fara da sayen dashe. Ya fara da tsayuwa a filin, sau uku a yini, ya ga inda inuwa ke faɗuwa. Daga Oktoba zuwa Maris rana tana karkata kudu, saboda haka inuwar tsakar rana arewa take kwantawa, ta safe kuma yamma. Tun da yake ƴan jardan da safe suke zuwa, itacen da za su zauna ƙarƙashinsa gabas ko kudu maso gabas da wurin shimfiɗa tabarmi ya kamata ya tsaya. Bangon ɗaki na yamma, wanda ranar la'asar ke duka har ya kwana da zafi, shi ma yana son itace a gabansa, amma da tazarar mita biyar ko shida, don saiwar dogon yaro da ta ceɗiya ba su jin kunyar harsashin gini. Fegin kayan lambu kuwa rana yake so, don haka ba a tsayar da dogon itace a kudu da shi.

Sai iska. Ta hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, guguwar farkon damina kuma daga gabas. Mutanen kwarin Majiya, a ƙasar Buza, sun san maganin wannan tun 1975, lokacin da ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi bibbiyu a tsakanin gonaki, mita 100 tsakanin wannan jeri da wancan, aka kuma ga hatsin da ke bayan jerin ya fi na fili yabanya. Ƙa'idar ita ce jerin itatuwa yana kare fili mai tsawon kamar ninki goma na tsayinsa. Farfajiyar makaranta ba ta kai gona ba. Jeri ɗaya a gefen gabas da na arewa ya ishe ta. Wannan jeri yana da wani amfani da ma'aikacin gwamnati zai fi kowa ganewa: filin makarantar da ba shi da iyaka bayyananna, a hankali ake cinye shi, yau mai tebur, gobe hanyar ƴan kabu-kabu, jibi a ga harsashin kanti. Itacen da aka dasa bisa iyaka, bayan an fitar da takardar fili daga ofishin magajin gari, shaida ne da ba a tumɓuke shi cikin dare ɗaya. Ƙofa kuwa biyu za a yi, a ɓangarori daban-daban, masu buɗewa waje, kuma ba a garƙame su da kwaɗo muddin akwai yaro a ciki. Darnin kara ba shi da wuri a nan ko kaɗan, komai arharsa.

Wane itace za a dasa? Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha ta, don haka ita da dabino a bar su ga fadama. Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, shi ne na farko da zai zo a rai, kuma ya cancanta: daga Indiya aka kawo shi amma ya zama ɗan gida, yana jure fari, ba shi da ƙaya, akuya ba ta cika damunsa ba in ya tasa, in ya samu ban-ruwa kuma cikin shekara uku zuwa huɗu ana zama gindinsa. Da shi aka fara kewaye Yamai a 1965. Sai dai kada a cika fili da shi kaɗai. A farkon shekarun 1990 wata cuta ta kama dogon yaro a ƙasar nan, aka ga ganye na rawaya yana zuba, rassa na bushewa daga sama, masu fili da ba su da wani itace suka zauna cikin zullumi. Ƴaƴansa ma a riƙa sharewa in sun zuba, domin yara na tsotsarsu, ƙwallon kuwa ba na haɗiya ba ne. Ceɗiya da durumi sun fi shi saurin biyan bukata ta wata fuska, domin ba dashe ake nema ba, reshe ne mai kauri, tsawon mutum, a kafa shi da saukar damina ya kama, kansa kuma ya riga ya wuce bakin akuya. Tsamiya inuwarta ta fi ta kowa sanyi, amma jikan wanda ya dasa ne zai more ta, ban da cewa akwai uwayen da ba za su yarda ɗansu ya zauna gindin tsamiya da tsakar rana ba, saboda abin da ake faɗa game da masu wurin. Direktan da ya yi wa wannan dariya zai ga yara suna raguwa bai san dalili ba. Mangwaro da gwaiba sai inda ruwa ke kusa, kamar bakin Gulbin Maraɗi ko garkunan Mirya.

Gawo yana da wani hali da kamar don ƴan makaranta aka yi shi: da damina, lokacin da suke hutu, yake zubar da ganye, da kaka kuma, suna dawowa, ya yi kore shar har ƙarshen rani. Ba banza ba ake ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. Illarsa ƙaya, yaran jardan kuwa rabinsu takalmin a hannu yake. In an tarar da babba a fili, a bar shi, a riƙa share ƙarƙashinsa. In sabo za a raina, ya tsaya can kusurwa. Haka aduwa da magarya. Shinge mai rai kuma, lalle ya fi dacewa, ana aske shi ya yi duhu, ganyensa kuma yana da kasuwa.

Akwai kuma waɗanda ko kyauta aka kawo su a mayar. Tumfafiya da aguwa ƙaronsu yana yi wa ido lahani, ga shi yaro ba ya karya reshe bai shafa fuska ba. Ƴaƴan zurma da na bini-da-zugu sun yi kama da abin ci, kaɗan daga cikinsu ya isa ya kai ƙaramin yaro asibiti. Zaƙami kowa ya san aikinsa. Kariya, da furenta mai jan ido, guba ce. Haka wannan furen ado da ake gani a ƙofar ofisoshi da gidajen manya, wanda Faransawa ke kira loriye-roz: ganye da fure da reshe, babu na kai wa baki. Masu sayar da furanni a bakin titi ba su cika faɗin wannan ba, watakila don ba a tambaye su. Mai jardan ya ɗauki wani dattijon manomi ko ma'aikacin gandun daji su zagaya filin tare, kafin yara su shigo, su cire abin cirewa.

A wannan zagayen ne ma za a iya yin tsintuwa. Abin da manoman jihar Maraɗi suka nuna wa duniya tun daga 1983, lokacin da Toni Rinodo, wani ɗan ƙasar Ostireliya da ke aikin gona a can, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, shi ne cewa rainon abin da ke nan ya fi dasa sabo sauƙi. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su. Tun da saiwar ta riga ta yi nisa, ba ta neman ban-ruwa. Da wannan dabara aka maido da itatuwa wajen miliyan 200 a kan eka ta Faransa miliyan 5 a kudancin ƙasar nan. Filin makarantar da aka yanka a tsohuwar gona a bakin gari da wuya a rasa kututturen kalgo ko sabara a cikinsa, dukkansu kuwa ba su da ƙaya. Abin takaici, aikin farko da akan sa ɗan kwangila shi ne ya share fili tas.

Tun 1975 ake dashen itace ranar 3 ga Agusta, kuma makarantu sun sha karɓar manyan baƙi a wannan rana, a dasa, a tafa, a watse. Mai karatu ya koma waɗannan filaye cikin Maris ya ƙirga abin da ya rage. Ranar ba ta da laifi, tsakiyar damina ce. Laifin shi ne ba a tanadi wanda zai ɗauki nauyin dashen daga Oktoba zuwa Yuni ba. Gara itace biyar masu mai su da ɗari marasa uba. Rami ya kai rabin mita zurfi da faɗi, a cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa toka saboda gara, a yi masa ɗan kwano na riƙe ruwa, a kewaye shi da tubali mai tagogi ko tsohuwar ganga da aka fasa gindinta. Ranin farko yana son bokiti ɗaya sau biyu ko uku a mako. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye randar wanke hannu da butocin alwala kusa da shi, ruwan da ya zuba ya gangara gindinsa.

Ruwa shi ne ke yanke hukuncin girman garka, kuma a nan ne ɗan kasuwa ya fi malami amfani, domin ya saba da lissafi kafin sayayya. A lokacin sanyi, murabba'in mita ɗaya na kayan lambu yana shan kamar lita 6 a yini. Fegi goma, kowane murabba'in mita biyu, lita 120 ke nan, wato kusan bido biyar na lita 25 kullum, har da ranakun da babu karatu. Wanda ya san kuɗin bido a hannun ɗan ga-ruwa na unguwarsa, ya ninka da kwana 120, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zai ga abin da yake shirin ɗauka. In lissafin bai fita ba, a rage fegi, kada a rage ruwa. A Damagaram, inda garin ke zaune bisa dutse, ƙishirwa kuma tsohon labari ne, da kuma tuddan Adar masu rijiyoyi masu nisa, hikima ita ce a koma ga abin da ba ya shan ruwa da yawa. Zogale yana kai mita uku cikin shekara, ana yanke shi yana tohowa. Kuka ma ana shuka ta a fegi kamar alayyafo, a riƙa tsinkar ganyen tun tana ƙarama. Tulun ƙasa da aka binne har wuya, aka cika da ruwa aka rufe bakinsa, yana tsatsafo da danshi a hankali ga shukar da ke kewaye da shi, ba a sake cika shi sai bayan kwanaki. Buhun da aka cika da ƙasa da taki, aka huda gefensa, yana ɗaukar tumatir da yakuwa har a gidan haya mai daɓen siminti. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne buɗaɗɗen ruwa: rijiya ko tafkin siminti ko ganga, kowanne da murfi mai nauyin da yaro ba zai ɗaga ba, domin ɗan shekara uku ba ya bukatar ruwa mai zurfi kafin ya nutse, sauro kuma ba ya bukatar gayyata.

Fegin yaro ba irin na babba ba ne. Faɗinsa kada ya wuce santimita 60, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka shuka ba, hanyar da ke tsakani kuma ta isa yara biyu su wuce juna ɗauke da gwangwani. Arozuwar ta lita goma ta fi ƙarfinsu. Gwangwanin tumatir da aka huda gindinsa da ƙusa ya wadatar. Abin shukawa ya zama mai saurin nuna kansa, don haƙurin yaro gajere ne: wake yana fasa ƙasa cikin kwana uku ko huɗu, alayyafo ana tsinka kafin wata ya cika, salati wata ɗaya da ƴan kwanaki bayan dashe. Albasa ƴar Galmi da shu da karoti sai a fegin kowa da kowa, tun da sai an yi watanni ana jira. Maganin ƙwari na kanti, balle irin wanda ake sayarwa a ƴan kwalabe a kasuwa babu takarda, ba ya ƙetare ƙofar makaranta. Toka da jiƙon dakakken ƙwallon dogon yaro, wanda babba zai haɗa ya fesa bayan an tashi, sun isa.

Ba dukan fili ake nomewa ba. Tsakiya a bar ta sarari, yashi mai laushi, don langa da gaɗa da guje-guje, kuma tsarin ya zama malama daga inda take zaune tana ganin kowane lungu. Gungumen itace da aka kwantar ya fi lilon ƙarfe amfani: kujera ne, doki ne, gada ce. Tsofaffin tayoyin mota a huda su kada su tara ruwa. Tarin tubali da duwatsu a kwashe, gidan kunama ne. A kusurwa guda a ajiye yumɓu da ɗan ruwa, yara su gina shanu da tukwane kamar yadda iyayensu suka yi a bakin tabki. Karatu kuwa yana cikin wannan duka ga malamar da ta iya. Ƙirga iri biyar a rami lissafi ne. Kara da aka kafa gefen zogale ana yi masa zane kowace Litinin awo ne. Sanda a tsakar fili, ana sa tsakuwa a bakin inuwarta safe da hantsi da azahar, ita ce agogon da ladanai suka yi aiki da shi shekaru aru-aru. Baƙi da yatsa a kan yashi ake fara shi kafin a kai ga alli, kuskure kuma tafin hannu ke share shi babu kuka. Sunan kowane itace a faɗe shi da harshen gida tukuna, sa'an nan da Faransanci. Tatsuniya ce kawai za ta ɗan jawo gardama, tun da kakanni sun hana yin ta da rana. Malamai sun daɗe da samun hanyar sasantawa da su.

Waɗanda suka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990 za su ce ai an taɓa yin wannan, suna tuna darasin ayyukan hannu da na samarwa da ake kira APP. Gaskiya ne, kuma yana da kyau a tuna abin da ya kashe garkunan makarantu da yawa. A wasu wurare ban-ruwa ya zama horo, wanda ya makara ko ya yi surutu shi ke jan guga, har yaro ya tashi yana ƙin garka kamar yadda yake ƙin bulala. A wasu wuraren salati ya nuna, yara ba su ga inda ya bi ba. Mafi yawa kuwa, garkar ta mutum ɗaya ce, malami mai son abin. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta zo masa, awaki suka gaji wurin kafin mako ya zagayo. Ma'aikaci baƙo ne a duk inda aka kai shi, itace kuwa zaunanne ne, saboda haka amanarsa a hannun zaunannu ya kamata ta kasance. Kwamitocin kula da makarantu da aka yaɗa a ƙasa cikin shekarun 2000, waɗanda aka sani da COGES, da ƙungiyoyin uwaye mata, su ne masu wannan aiki. A rubuta a littafi wanda ke da makulli, da wanda ke biyan ruwa, da yadda za a raba amfani: na gamana yaro ya kai wa uwarsa da hannunsa, ko ganye biyar ne, na gandu a dafa a ci tare, in an sayar da saura a karanta kuɗin gaban iyaye.

Alhazan kasuwa ba su da rowa wajen aikin lada, ana ganin rijiyoyinsu da masallatansu a kowace unguwa. Abin da jardan ke nema a wurinsu bai kai wannan ba: ƙofa ta biyu, murfin rijiya, tsofaffin gangunan da ke jibge bayan kanti, da kuɗin ruwan wata huɗu. Ma'aikacin magajin gari kuma, ranar da ake yanka sabuwar unguwa, ya duba filin da aka ware wa makaranta, ya hana a sare abin da ke tsaye a cikinsa. Wanda ke ba da izinin buɗe jardan mai zaman kanta ya ƙirga inuwa da ƙofofi kamar yadda yake ƙirga tebura.

Saura babban hutu. Daga Yuli zuwa Satumba sama ce ke ban-ruwa, don haka ba a barin fegi haka nan. In ruwan shuka ya sauka kafin a rufe, yara su binne gujiya da wake da kuɓewa da hannunsu a makon ƙarshe. In ya yi jinkiri, mai gadi ko wata uwa ta kusa ta shuka a madadinsu, a bar mata kuɓewar ladan cire ciyawa. Mako guda kafin a koma, iyaye maza su fito da lauje su yanke haki, su kwashe shi nesa da bango saboda maciji da wuta, a duba kewayen dashe a gyara inda ya faɗi. Gujiya kwana 90 zuwa 100 take yi, saboda haka sabon ɗan jardan da aka kawo yana kuka a farkon Oktoba, aikinsa na farko shi ne ya kama ganye ya ja.